Bashin sefa, cinikin naira: ka je wurin mai kuɗi kafin ya zo

Na haura shekara ashirin ina ɗaukar atamfa da leshi daga Kwatano zuwa Kano, amma ban taɓa ganin bashi ya kwantar da 'yan kasuwa kamar daga 2023 zuwa yau ba. Kuma yawancinsu ba almubazzarai ba ne. Sun karɓi kaya lamuni da sefa, sun sayar da naira, kafin su juyo ƙasa ta zame musu.

Ga yadda abin ya faru. A watan Yunin 2023 gwamnatin Najeriya ta saki naira, kasuwa ta yanka mata farashi. Ita kuwa sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 a kan Yuro ɗaya, ba ta motsi. A farkon shekarar, jaka ɗaya ta sefa wajen naira 1,200 ce a hannun 'yan canji. Da aka shiga 2024 ta haura 2,000. Wanda ake bi sefa miliyan biyar bai ƙara cin ko sisi ba, amma nauyin da ke kansa ya kusa ninkuwa. Masu bi ta Gaya kuma, juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sa an rufe gadar Malanville, kaya suka yi watanni a kan mota, wa'adi kuwa yana tafiya.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne kashe waya. Mutum ya ga ba zai iya cikawa ba, sai ya cire layi, ya daina bi ta layin shagon mai kaya, har masallaci ya canza. Ɗan'uwa, a zango babu ɓuya. Direban da ya ɗauko ka ya san unguwarku, fatomanka ya san surukinka. Ranar da wayarka ta mutu, mai kuɗi ya daina lissafin jinkiri, ya fara lissafin cin amana, kuma maganar za ta riga ka isa Lome.

Na zauna sulhu irin wannan ba sau ɗaya ba. Wanda ya taho da ƙafarsa kafin wa'adi, da fatoma ko wani dattijon zango a gefensa, ya buɗe littafi ya ce ga abin da na sayar, ga wanda ya rage a Kantin Kwari, ga abin da zan iya kawowa duk wata, da wuya a tashi ba a sassauta masa ba. Mai kaya ma ɗan kasuwa ne, wani ke binsa. Kuɗin da ke shigowa kaɗan-kaɗan ya fi masa ɗan sanda amfani. Sai dai kar ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka don kunya. Saɓa wa'adi na biyu ya fi na farko ciwo.

A wurin zaman a rubuta komai, da shaidu biyu, musamman da wane kuɗi za a biya: sefa ko naira, in naira ce a kan wane canji. Rabin rigimar da na gani a nan take. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, amma mu muna ganin takarda kamar zargi ce.

Sannan uwargida ta ji daga bakinka, kar ta ji daga mai sallama a ƙofar gida. Zinarenta da kuɗin adashinta nata ne; in ta bayar ta kyauta, ka rubuta shi a jerin waɗanda ke binka. Babban ɗanka kuma ya san inda littafin yake, don in ta Allah ta kasance kana kan hanya, bashi ake fara fitarwa kafin a raba gado.