Dabbar da ke famfarar ƙaho, da karen da ake koya wa tsintarsa

Kin san famfara: yaro ya kai shekara 6 ko 7, haƙorin gaba ya fara girgiɗa, wata rana ya faɗo, sabo ya tsiro a gurbinsa. To akwai dabbar da ke yin irin wannan duk shekara, amma da ƙaho. A ƙasashen sanyi kamar Amurka da Kanada da Turai, namijin barewarsu yakan yar da ƙahonsa a ƙarshen hunturu, ya sake tsiro da wani. Mutane kuwa sukan shiga daji tsintar ƙahonin da suka zube, har suna horar da karnuka musamman don wannan aiki.

Ƙahon da ba irin na rago ba

Barewar da nake nufi ba irin tamu ba ce. Barewarmu da gada da gwanki, kamar saniya da rago, ƙahonsu na dindindin ne, ƙashi a ciki, kwasfa mai tauri irin ta farce a waje. Ƙahon ta can kuwa ƙashi ne zalla mai rassa kamar busasshiyar bishiya, kuma in ban da jinsi guda, maza kaɗai ke da shi.

Da sanyi ya wuce ƙahon ke fara tsiro, lulluɓe da fata mai laushi cike da jijiyoyin jini. A jikin babbar barewar da Amurkawa ke kira elk, yana iya ƙara santimita 2 da rabi a rana, kuma nauyin ƙahonin biyu kan kai kilo 18. Da shi mazan ke faɗa lokacin barbara. Bayan nan sinadarin maza na testosteron ya ragu a jininsu, sai wasu ƙwayoyin halitta su cinye ƙashin da ke gindin ƙahon har ya ɓalle. Irin waɗannan ƙwayoyin ne ke narkar da saiwar haƙorin nono, shi ya sa haƙorin ɗanki kan faɗo ba saiwa.

Me ake yi da shi?

Ana yin ƙotar wuƙa da shi, da kujeru, da fitilun ado, wasu kuma ajiye shi kawai suke yi don sha'awa. A garin Jackson na jihar Wyoming akwai gandun elk na gwamnati da aka kafa a 1912. Yara 'yan sikawut na taimakawa wajen tattara ƙahonin gandun, kuma tun 1968 ake gwanjonsu a watan Mayu, kaso mafi tsoka na kuɗin ya koma ga kula da dabbobin. Dandalin garin ma yana da ƙofofi huɗu da aka gina da ƙahoni.

Sai dai tsintar ba sauƙi. Ƙaho a cikin ciyawa da busassun rassa saje yake yi, ga ɓeraye da kurege suna gaigaye shi saboda sinadarin kalsiyam. Kuma ba lallai na dama da na hagu su faɗi wuri ɗaya ba. Nan kare ke shigowa. Hancin mutum yana da ƙwayoyin jin wari kusan miliyan 6, na kare kuwa ɗaruruwan miliyoyi.

Yadda ake horar da shi

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yawanci da ɗan kwikwiyo ake farawa, kuma an fi son jinsin Labrador, domin ɗauko abu ya kawo wa mai shi a jininsa yake.

Ba a farawa da ƙaho na gaske. Tsininsa na iya tsokane masa ido ko dasashi, kuma kwikwiyon da ya ji ciwo a karon farko zai iya ƙin abin har abada. Da na roba mai laushi ake somawa. A tsaya a siririn lungu inda ba shi da hanyar fita sai ta wurin mai shi, a jefa, a faɗi kalma guda wadda ba za a riƙa canzawa ba. Ya kawo, a yaba masa, a shafa shi ko a ba shi ɗan abin taɓawa. Jifa biyu ko uku sun isa. A tsaya tun yana marmari, a ɗauke ƙahon a ɓoye sai gobe. Ba a bar masa shi ya yi ta gurgura, don kada ya ɗauka nasa ne, kuma likitocin dabbobi sun yi gargaɗi cewa taurin ƙaho na fasa haƙorin kare.

Daga nan a fita fili, a ajiye ƙahon a gajeriyar ciyawa inda zai hango shi, don ya san siffarsa. Sannan a koma ga hanci: a shafa wa ƙahon wari irin na sabon faɗuwa, a ɓoye a duhuwa, a kawo karen ta inda iska za ta kaɗo masa warin. Mai horarwa yakan sa safar hannu ko ya wanke ƙahon, in ba haka ba karen warin hannun ubangidansa zai koyi bi, ya je daji ya rasa komai. Aikin yana cin watanni. Idan kare ya kasa, ba a dukansa, mataki ɗaya ake komawa baya.

Darasin da ya fi wuya

Nemo ƙaho ba shi ne mai wahalar ba. Mai wahalar shi ne kare ya ji warin barewa mai rai, ko ta zabura a gabansa, ya tsaya cak idan an kira shi.

Ga dalili, kuma ke uwa za ki fi kowa ganewa. Lokacin da ƙahoni ke zuba shi ne ƙarshen hunturu, dabbobin sun yi watanni cikin dusar ƙanƙara ba wadataccen abinci, kitsen jikinsu ya ƙare. Matan kuma ciki gare su, haihuwa sai wajen Mayu da Yuni. Duk gudun da kare ya sa mai ciki ta yi, daga ɗan ƙarfin da ya rage mata da ɗan cikinta yake fita. Saboda haka a yammacin Wyoming doka ta hana tsintar ƙaho a filayen gwamnati daga 1 ga Janairu zuwa ƙarshen Afrilu. Karen da bai koyi jin kira ba, komai kyan hancinsa, bai gama makaranta ba.

Mu fa a nan gida?

Barewarmu ba ta yar da ƙaho, don haka ba mu da abin tsinta. Amma muna da karnuka, na farauta da na gadi da na makiyaya, kuma 'ya'yanmu na cuɗanya da su a unguwa. Abin da masu wannan sana'a suka gane shi ne kare da lada da maimaici yake koyo. Wanda aka raina da duka da jifa tsoro yake koya, kare mai tsoro kuwa shi ne mai saurin cizo.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, nan ne maganar ta fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamominsa suka bayyana, da wuya a tsira.

Ki koya wa yaranki kada su jefi kare, kada su ƙwaci abu daga bakinsa, kada su matsa kusa da shi yana ci ko karya tana shayarwa. Idan akwai kare a gida, a yi masa allurar rigakafi tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya ce. Idan kuwa aka yi cizo ko yakushi, komai ƙanƙantarsa, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ki kai yaron asibiti a ranar. Kada a tsaya shafe-shafen gida, kuma kada ki yi masa faɗan da zai sa gobe ya ɓoye miki.

Akwai kare a gidanku ko a unguwarku? An yi masa rigakafi? Ki faɗa mana a ƙasa, 'yan uwa su ƙaru.