Abin da Za Ka Nuna wa Baƙo a Ƙasar Yawuri

Can hayin teku akwai wata ƙasa ana ce da ita Peru. Tana cikin Amurka ta Kudu. A kan iyakarta da ƙasar Bolibiya akwai wani babban tafki a bisa duwatsu, sunansa Titikaka. Waɗansu mutane suna zaune a cikin tafkin nan, ana ce da su Uros. Sukan yanki wata ciyawar ruwa mai kama da kacalla, su yi ta jibga ta har ta zama gungu, sa'an nan su kafa ɗakuna a kai. Da ita kuma suke ɗaure jiragensu.

Kullum baƙi suna tasowa daga garin Puno, su biya kuɗin jirgi su je kallon mutanen nan. Su sayi saƙar matansu, su ɗauki hoto, su komo. Me suka gani? Gungu, da jirgi, da masunta.

To, jama'a, ai mu ma muna da waɗannan a bakin Kwara. Amma in baƙo ya sauka Yalwa ya ce a kai shi kallo, sai ka ji mutum ya ce, "Ai ba kome a nan sai ruwa." Wannan kuskure ne. Abin da ka saba gani kullum, shi ne wani yake sha'awa.

Fara kai shi bakin ruwa da sassafe, sa'ad da jirage suke isowa. Ya ga giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu. Ya ga yadda ake banda, da buhunan albasa da na shinkafa. In ya tambayi garin, ka ce masa Sarkin Yawuri Abdullahi Abarshi ne ya mai da Yalwa gidan sarauta a shekarar 1888.

Daga nan sai Birnin Yawuri, a ƙasar Ngaski. Bai kai mil 10 daga Yalwa ba. Can ne sarakunan dā suka zauna. Ka nemi dattijo ya nuna muku inda ganuwa ta bi. Ga labarin da za ka ba baƙonka a wurin.

A shekarar 1806 wani Bature, Mungo Park, ya gangaro Kwara a jirgi, yana so ya ga inda kogin ya ƙare. Ya wuce ƙasar Yawuri, amma bai yi nisa ba. Ya rasu a duwatsun ruwa na Busa. A shekarar 1830 waɗansu Turawa biyu, wa da ƙane, Richard Lander da John Lander, suka zo Birnin Yawuri neman takardunsa. Suka yi fiye da wata guda wurin Sarki, ba su samu ba. Da suka tashi sai suka bi kogin har teku. Su ne suka tabbatar wa mutanen Turai inda Kwara take zuba. Ka ga ashe sunan Yawuri ya daɗe a cikin littattafan Ingila, tun kakanninmu ba su sani ba.

In baƙo ya ce a kai shi wurin da Mungo Park ya rasu, ka gaya masa ruwa ya ci wurin. Ga dalili. A shekarar 1964 aka soma gina madatsar ruwa a Kainji don a sami wutar lantarki. Aka gama a 1968. Da aka tare kogin sai ruwa ya komo baya, ya zama tafki mai tsawon fiye da mil 80, kansa yana wajen Yalwa. Ya shafe tsohon garin Busa. Ya shafe yawancin gungun Foge da waɗansu gungaye masu yawa. Mutum wajen 44,000 aka tasa, aka gina musu gidajen siminti a tudu.

Gungawa suna cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Sunansu ma daga gungu ya fito, gama nan ne mazauninsu tun fil'azal. Su kuwa suna kiran kansu Baresha. Manoma ne ƙwarai, an san su da albasa, an kuma san su da kokawa. Yau wani tsoho yakan tsai da jirgi a tsakiyar ruwa, ya nuna ƙasa da gora, ya ce nan ne garinsu, nan aka binne ubansa. Baƙon da ya ji wannan ba zai manta ba. Amma a kula, ba abin wasa ba ne ga mai shi. A nemi izini kafin a ɗauki hoto.

Akwai wani abin mamaki kuma game da ruwan nan. Sau biyu yake zuwa a shekara. Da damina farin ruwa yake zuwa, mai laka, watau ruwan saman ƙasashen da ke kusa. Sa'an nan da sanyin hunturu, ba hadari ba kome, sai kogi ya sake kawowa. Wannan shi ne baƙin ruwa. Ruwan sama ne da aka yi a duwatsun ƙasar Gini. Ya bi ta fadamun ƙasar Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya yi watanni a hanya kafin ya iso mu. Don haka ya zo garau.

Arewa da Yalwa akwai ƙasar Shanga. Shangawa suna da harshensu, dangin na mutanen Busa ne, ko kusa bai yi kama da Hausa ba. Yanzu ƙauyuka kaɗan ne suke yinsa. Mai son jinsa sai ya nemi tsofaffi.

In baƙonka ya dace da lokacin Rigata, to, ya more. Ran nan ake tseren jirage da iyo a gaban Sarki, da kiɗa da waƙa. Mutanen Yawuri suna cewa asalinta daga farautar dorina ne, sa'ad da jarumai suke fita cikin jirage su tare ta don tana ɓarna a gonakin shinkafa. Har yanzu akwai dorina a ruwan nan. In kun hange ta, ku ba ta hanya, balle in tana da ɗa.

Sauran magana ɗaya, ita ce ta jirgi. Kasuwar Wara babba ce, ta isa kallo, kuma jama'a da yawa ta ruwa suke zuwa. A shekarar 2021 wani jirgi ya nutse kusa da Wara, mutane da yawa suka rasu. An cika masa kaya da mutane fiye da kima. Ban da wannan, a ƙarƙashin tafkin akwai kututturan itatuwan da ruwa ya ci tun 1968, ido ba ya ganinsu, suna fasa jirgi.

Saboda haka in za ka sa baƙo a jirgi, ka dubi gefensa tukuna. In ruwa ya kusa baki, ku jira na baya. Ku sa rigar ruwa, ko da ka iya iyo. Kada ku tashi da dare ko hadari ya haɗo. In kuwa ta mota za ku shiga ƙauye, ka tambayi mai gari lafiyar hanya, ku komo kafin la'asar sakaliya.