Mai Rawanin Indiya da Ƙaryar da Ake Yawo da Ita

Sau uku ke nan ana turo mini saƙon muryar nan a WhatsApp cikin wata biyu. Na farko a zauren danginmu, na biyu daga wani abokin karatuna, na uku kuwa Inna ce da kanta ta sa jikarta ta turo mini, don ta ji ƙanwata za ta raka mijinta asibiti a Indiya. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda ya samo labarinsa ba. Ya yi sallama, ya yi salati, sannan ya shiga gargaɗi. Wai duk mai zuwa Indiya ya kiyayi "masu rawanin nan da gemu", kada kamanninsu su ruɗe shi. Wai babu masu ƙin Musulmi kamarsu a doron ƙasa. Wai wuƙar da suke ratayawa rantsuwa ce a kan jinin Musulmi, addinin nasu ma wai don yaƙar Musulunci aka ƙirƙiro shi. Ya rufe da cewa a tura wa 'yan'uwa don Allah. Kuma ana ta turawa.

Na gaji da yin shiru. Mutum bai taɓa wuce Zariya ba, amma ya zauna a ɗaki ya yanke wa al'umma guda hukunci, mu kuma mu taya shi yaɗawa muna zaton lada muke samu.

Mutanen da yake nufi su ne mabiya addinin Sikh, waɗanda muka saba gani a finafinan Indiya ana ce musu Sardar. Addininsu ya faro a yankin Punjab daga Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469 a wani gari da yau yake cikin Pakistan, ana kiransa Nankana Sahib. Jagorori goma suka yi a jere, kafin na ƙarshensu, Guru Gobind Singh, ya miƙa jagorancin ga littafinsu, Guru Granth Sahib, a 1708. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta same su kusan miliyan 21, ban da na Kanada da Birtaniya da Amurka. Ubangiji ɗaya suka yarda da shi, kuma babu gunki a ɗakin ibadarsu, wato gurdwara. Ba Musulmi ba ne, ba Hindu ba ne. Sun yarda rai yana sake dawowa duniya, suna ƙona gawa, ba sa bin shari'armu. Kama da wane ba ta wane. Wannan ya ishe mu, mu koma kan ƙaryar.

Abokin tafiyar Guru Nanak na tsawon shekaru, wanda ya bi shi gari-gari yana kaɗa masa rabab, wani abin kiɗa ɗan'uwan molo, Musulmi ne mai suna Mardana. Daga gare shi aka sami al'adar makaɗa Musulmi da suka riƙa rera baitocin ibada a cikin babban wurin ibadar Sikh na Amritsar har zuwa 1947. Littafin nasu mai shafi 1430, wanda suke ɗorawa a kan karaga suna yi masa fifita kamar sarki, yana ɗauke da baitoci sama da ɗari na Shehu Farid, wani babban waliyyin ɗariƙar Chishtiyya da ya rasu a ƙarni na 13, kabarinsa yana Pakpattan. A cikin baitocin akwai inda Farid yake yi wa kansa faɗa a kan sakaci da salla, da inda yake zaburar da kansa ya tashi ya yi alwala don asuba. Sikh na rusunawa gaban littafin da wannan magana take ciki kullum safiya. A gaya mini, wane maƙiyi ne zai sa wa'azin shehin abokan gabarsa a littafin da ya fi girmamawa?

Akwai ƙari. Sikh suna riwaya cewa Mian Mir, wani shehin Ƙadiriyya na Lahore, shi aka gayyato ya aza tubalin farko na wurin ibadarsu na Amritsar. Masana tarihi suna da ja a kan riwayar, amma ni abin da ya ɗauki hankalina shi ne cewa su da kansu suke alfahari da ita, suna koya wa 'ya'yansu. Ɗariƙar nan dai ita ce ta Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Ginin kuwa ƙofa huɗu gare shi, gabas da yamma, kudu da arewa, alamar kowa na iya shiga. A garin Sri Hargobindpur har yau akwai masallacin da ake kira Guru ki Maseet, wanda jagoransu na shida ya gina wa Musulmin garin.

Ba zan ɓoye inda mai saƙon ya tsinci ƙashin ƙaryarsa ba. An yi yaƙi, an zubar da jini. Sarki Jahangir na daular Mughal ya sa an kashe Guru Arjan a Lahore a 1606. A zamanin Aurangzeb aka fille kan Guru Tegh Bahadur a Delhi a 1675. Gwamnan Sirhind, Wazir Khan, ya sa an kashe 'ya'yan Guru Gobind Singh biyu, waɗanda babu wanda ya kai shekara goma a cikinsu. Masu mulkin nan Musulmi ne, kuma Sikh ba su manta ba.

Amma a duba labarin da kyau. Tegh Bahadur, a yadda Sikh suke ba da tarihin, ya rasa kansa ne don ya tsaya wa 'yan Hindu na Kashmir da aka matsa wa su bar addininsu, addinin da shi kansa ba ya bi. A yaƙin Bhangani na 1688 sarakunan Hindu na kan tsaunuka ne suka tasar wa Gobind Singh, wanda ya kawo masa ɗauki da almajiransa kuwa wani shehi ne Musulmi, Pir Budhu Shah. Ranar da aka yanke wa yaran nan biyu hukunci a Sirhind, wanda ya miƙe a fada ya ce wannan zalunci ne, Musulunci bai yarda da kashe yara ba, shi ne Sher Muhammad Khan, sarkin Malerkotla. Sikh sun riƙe masa wannan halacci. Shekara fiye da 240 bayan haka, a 1947, lokacin da Punjab ta kama da wuta wajen raba Indiya da Pakistan, Malerkotla ta tsira daga kashe-kashen, kuma har gobe Musulmi ne suka fi yawa a garin. Rigima ce da karagar mulki da zaluncinta, su kansu haka suke bambancewa.

Labarin da na fi so shi ne na Bhai Kanhaiya. A yaƙin Anandpur na 1704 aka kai ƙararsa wurin Guru Gobind Singh, wai yana yawo da salkar ruwa a filin daga yana shayar da sojojin abokan gaba da suka ji rauni. Da aka kira shi bai musa ba, ya nuna cewa shi bai ga bambanci tsakanin mai ƙishi da mai ƙishi ba. Guru ya ƙara masa da maganin shafawa, ya ce ya je ya ci gaba. Da wannan labari ake renon yaran Sikh.

Ba mala'iku ba ne. A zamanin daular Sikh ta Ranjit Singh, wanda ya ci Lahore a 1799, an mai da Masallacin Badshahi wurin ɗaure dawaki da ajiye kayan yaƙi, ko da yake ministan harkokin wajensa, Fakir Azizuddin, Musulmi ne. A 1947 'yan Sikh sun kashe Musulmi, Musulmi sun kashe 'yan Sikh, Hindu ma haka, an rasa dubban ɗaruruwan rayuka. Wanda zai ɗauki wannan ya yi wa jikokinsu kuɗin goro, to ya shirya a yi mana irinsa da ta'asar Boko Haram. Mun san ɗacin hakan, ko a filin jirgi an ɗanɗana mana.

Wuƙar kuwa, kirpan, ɗaya ce daga alamomi biyar da Gobind Singh ya ɗora wa waɗanda suka yi mubaya'a a 1699, tare da barin gashi, da matsefi, da awarwaron ƙarfe, da gajeren wando. Ma'anarta alkawarin tsaya wa wanda ake zalunta, ko wane ne shi. Ta yau da kullum sau da yawa ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Zancen rantsuwa a kan jini ƙanzon kurege ne.

Abin da ya fi ba ni kunya game da saƙon nan shi ne cewa mutanen da muke zagi sun sha duka saboda mu. Kwana huɗu bayan harin 11 ga Satumba na 2001, wani Ba'amurke ya harbe Balbir Singh Sodhi a gidan mansa da ke Mesa, jihar Arizona, don ya ga rawani ya ɗauka Musulmi ne. A 2017 wata mata ta tare Jagmeet Singh, ɗan siyasar Kanada mai bin addinin Sikh, a wurin taro, tana zarginsa da son kawo shari'a. Da ya ga dama kalma ɗaya ta ishe shi, ya ce shi ba Musulmi ba ne. Bai faɗa ba, kuma daga baya ya bayyana cewa faɗin haka tamkar yarda ne cewa da Musulmi ne da tsangwamar ta dace. A shekarar ce kuma 'yan agajin ƙungiyar Sikh ta Khalsa Aid suka kafa tukwane a iyakar Bangladesh suna ciyar da Musulmin Rohingya da suka gudo daga Myanmar.

Tarbiyyar tasu a kan abu uku take: ambaton Ubangiji, cin halak da gumin goshi, da raba abin da ka samu da wasu. Addu'arsu ta kullum da roƙa wa dukan mutane alheri take ƙarewa. Na ga na ukun da idona shekarun baya da na raka Kawu jinya Delhi, wani direban tasi ya kai ni Gurdwara Bangla Sahib. A bakin ƙofa wani dattijo mai farin gemu, da ganin agogonsa ka san ba ƙaramin mutum ba ne, ya karɓi takalmina da hannu biyu ya ba ni lamba. Na taka wani ɗan kwarmi mai ruwa na wanke ƙafa. A zauren cin abinci, wanda suke kira langar, mutane sun zauna sahu-sahu a ƙasa, mai kwat kusa da mai dako, kowa da farantin ƙarfe. Masu rabo suna bi da bokitai, wannan miyar wake, wancan shinkafa, wani gurasa, kuma sai ka buɗe hannu biyu ake sa maka ita. Babu nama, don kowa ya iya ci. Babu wanda ya tambaye ni addinina, alhali hular kaina ta riga ta faɗa.

Finafinai da ƙarancin karatu suna da nasu laifin wajen ruɗa mu, amma ba su suka danna "tura" ba.

To, ga mai tafiya Indiya, ko jinya ko karatu ko fatauci. Idan ka ga mai rawani kada ka ɗauka liman ka samu, kada kuma ka tsorata. Ka gaishe shi kamar yadda za ka gai da kowane dattijo, ka ce masa Sardar ji, zai ji daɗi. Kada hannunka ya kai kan rawaninsa ko da wasa, kada ka tambaye shi ya cire ka ga gashin. Bahaushe ya fi kowa sanin abin da tuɓe rawani yake nufi. Kada ka miƙa masa taba, kada ka busa masa hayaƙi, haramun ce a wurinsu mai tsanani. Idan ka gayyace shi cin abinci ya ƙi taɓa naman, kada ka ce ƙyamarka yake yi. Dokarsu ta hana wanda ya yi mubaya'a cin naman da aka yanka irin yankanmu, da yawansu ma ba sa cin nama sam, kamar yadda kai ma ba za ka ci yankansa ba. Ka ba shi shayi da 'ya'yan itace, zumunci ya ƙullu. Ba kowane mai suna Singh ne Sikh ba, akwai Hindu da yawa masu sunan. Matan Sikh kuwa Kaur suke amsawa.

Idan sha'awa ta kai ka gurdwara, ka cire takalmi, ka rufe kai, mace mayafinta ya wadatar, kada ka shiga da taba a aljihu, kada ka miƙe ƙafa wajen littafin. Babu mai tilasta maka rusunawa, ka tsaya gefe cikin ladabi. Batun ko ya halatta ka ci abincin wurin, malaminka za ka tambaya kafin ka tashi daga gida. Idan ba za ka ci ba, ka yi godiya ka wuce, ba sai ka yatsine fuska ba. Kuma kada ka ja su da musu a kan addini a cikin tasi ko ɗakin jiran likita. Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa, Suratul Hujurat kuma ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari. Mai saƙon nan da ya fara da salati duk ya tsallake su.

Idan saƙon ya iso wayarka, tambayi wanda ya turo maka wane ne mai maganar, a ina ya gani, a wace shekara. In ya ce shi ma turo masa aka yi, ka share, ka kuma faɗa a zauren cewa ƙarya ce, ko da wanda ya turo yayanka ne. Sharewa a ɓoye ba ta hana na gaba turawa.

Na je har ɗaki na yi wa Inna wannan bayani, tun daga Mardana har dattijon da ya karɓi takalmina. Ta saurara tana jan carbi, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "To, Allah ya kai su lafiya. Amma dai ka gaya mata ta tafi da kuka da daddawa, wannan miyar waken tasu ba za ta riƙe mara lafiya ba."