Sakin Aure Ba Tare da Ɗora Laifi Ba: Abin da Ya Sa Ingila Ta Sauya Doka

A watan Yulin 2018 Kotun Ƙolin Birtaniya ta shaida wa Tini Owens cewa har yanzu matar aure ce, tana so ko ba ta so. Ta auri Hugh Owens a 1978, ta bar gidansa a Fabrairun 2015, ta kai wa kotu misalai 27 na halayensa da ta ce sun gundure ta. Alƙalin farko ya ce koke-koken ba su taka kara sun karya ba, shi kuma mijin ya kafe cewa ba ya son rabuwa. Sai ya zama dole ta jira cikar shekara biyar da rabuwarsu, wato har Fabrairun 2020. Su kansu alƙalan Kotun Ƙolin ba su ɓoye rashin jin daɗinsu ba, amma suka ce gyaran doka aikin majalisa ne.

Dokar da ta ɗaure ta tsohuwa ce. Tun 1857, da aka mayar da shari'ar saki hannun kotun gwamnati, aka kafa ta a kan cewa dole a sami mai laifi. Miji na iya rabuwa da matarsa saboda zina kaɗai, ita kuwa sai ta haɗa zinar mijin da wani laifin, kamar duka ko gudun gida. Sai a 1923 aka daidaita su. Gyaran 1969 ya ce dalili ɗaya ne, mutuwar auren ta yadda ba zai gyaru ba, amma sai an tabbatar da ita ta ɗaya daga hanyoyi biyar: zina, halin da ba za a iya zama da shi ba, gudun gida na shekara biyu, zaman rabe na shekara biyu da yardar juna, ko na shekara biyar in ɗaya ya ƙi.

Babban abin da ya kayar da tsarin shi ne ƙarya. A shekarun 1930 sanannen abu ne miji ya kama ɗakin otal a garin Brighton da wata mace da aka yi haya, don ma'aikaciyar otal ta gan su da safe ta ba da shaida. Bayan 1969 salon ne kawai ya sauya. Wanda ba zai iya jiran shekara biyu ba sai lauya ya taya shi tsara jerin aibobin abokin zama, kuma da yake mafi yawan ƙararraki ba a jayayya a kansu, kotu ba ta binciken gaskiyar abin da aka rubuta. Binciken da Farfesa Liz Trinder ta Jami'ar Exeter ta jagoranta a 2017 ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na saki a Ingila da Wales a kan laifi aka yanke su, alhali a Sikotland abin bai wuce kashi 6 zuwa 7 ba. Ba wai mutanen Ingila sun fi maƙwabtansu cin amana ba ne. Sikotland ta rage wa'adin jira a 2006 zuwa shekara ɗaya da yardar juna, biyu in babu, sai buƙatar ƙirƙiro laifi ta kau.

Jiran kansa ma ba kowa ke iya shi ba. Zaman rabe na shekara biyu galibi yana nufin haya biyu da tukunya biyu. Mai hali ya jira, talaka ya zargi matarsa ko mijinta a takarda, takardar ta isa hannun wanda aka zarga, gaba ta ƙaru, sannan a ce su zauna su daidaita kan 'ya'ya. Abin mamakin kuma, laifin da aka sha wahalar tabbatarwa ba ya cika tasiri wajen rabon dukiya. Tun shari'ar Wachtel ta 1973 kotunan Ingila suka daina duba hali wajen raba kadara sai in ya yi muni ƙwarai. A Amurka ne abin ke da haƙora: a jihohi irin su Jojiya da Karolina ta Kudu, zina na iya hana mutum kuɗin ciyarwa bayan saki.

Sabuwar dokar Ingila ta 2020, wadda ta fara aiki ranar 6 ga Afrilu 2022, ta share hanyoyin biyar. Yanzu ɗaya daga cikinsu, ko su biyun tare, ya rubuta cewa aure ya mutu, kotu ta karɓi maganar. Sai jiran mako 20 kafin hukuncin farko, da ƙarin mako 6 kafin na ƙarshe. Ɗayan ba shi da damar cewa bai yarda ba.

Masu adawa sun ce an mayar da aure abin wasa, saki zai yi yawa. Amurka ta riga ta gwada: Kalifoniya ta fara a 1969 da sa hannun Gwamna Ronald Reagan, Niyok ta zama ta ƙarshe a 2010. Masanin tattalin arziki Justin Wolfers ya gano cewa saki ya hau a shekarun farko, sannan hawan ya dusashe cikin kimanin shekara goma. Shi da Betsey Stevenson kuma sun nuna a 2006 cewa kashe kai a tsakanin mata ya ragu da kashi 8 zuwa 16 a jihohin da suka ba mutum ɗaya damar fita, dukan mata ma ya ragu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda ya san ana iya barinsa yakan iya bakinsa da hannunsa.

Sai dai akwai asarar da masu murna ba sa son ambato. A tsohon tsari, wanda bai yi laifi ba yana riƙe da makami, wato ƙin yarda. Matar da ta bar aiki ta reni 'ya'ya shekara ashirin tana iya cewa ba za ta sa hannu ba sai an bar mata gida. Sabon tsari ya karɓe wannan makamin, ya bar ta da abin da alƙali ya ga dama a rabon dukiya, dokar rabon kuwa har yanzu ta 1973 ce, ba a taɓa ta a gyaran 2020 ba. A ganina nan ne ainihin rigimar ta koma.

Najeriya na nan a tsohon layi. Dokar shari'ar aure ta 1970, wadda ta shafi auren rajista da na coci da aka ɗaura a ƙarƙashin doka, ta lissafa hujjoji takwas a sashe na 15, ciki har da zina, mugun hali, gudun gida na shekara ɗaya da zaman rabe na shekara biyu ko uku. Auren Musulmi ba ya ƙarƙashinta. A kotunan shari'ar Musulunci na Kano ko Sakkwato, miji ba ya buƙatar tabbatar da laifi kafin ya yi saki. Mace kuwa hanya biyu gare ta a mazhabar Malikiyya: ta tabbatar da cutarwa ko rashin ciyarwa alƙali ya raba auren ba ta biya komai ba, ko ta nemi hul'i ta fanshi kanta, galibi da mayar da sadaki. A nan laifi na da farashi ƙarara. Wadda aka daka a cikin ɗaki ba shaida, takan ƙare ne da biyan kuɗi ga wanda ya dake ta.