Asibitin Galmi: gudummawar nesa, aikin gida

A shekarar 1950 ne ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi, a bakin babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, cikin jahar Tawa. Majami'un Amurka da Turai da Ostareliya su ke aiko da kuɗi da likitoci, amma galibin ma'aikatan 'yan ƙasa ne.

Da damina, lokacin da rumbuna suka ƙare, zazzaɓin sauro kuma ya tsananta, uwaye kan kawo yaran da tamowa ta kama, a ba su magani da abinci, a koya musu dama kunu mai gina jiki.

Ya kamata hukumomi su lura: taimakon waje ba ya ɗorewa sai an horar da 'yan gida masu riƙe shi.