Melisa da Takin Naitirojin: Cikar Buhu ko Ƙarfin Ganye?

Melisa tsiro ce daga dangin na'ana'a da ɗaɗɗoya, mai ƙamshin lemun tsami. Asalinta kudancin Turai da gaɓar Bahar Rum har zuwa Iran, sunanta kuma a harshen Girka ƙudan zuma yake nufi. Ibn Sina ya sanya ta cikin magungunan da ke faranta zuciya, a yau kuma hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yarda da ganyenta a matsayin maganin gargajiya na rage damuwa, kawo barci da sauƙaƙa kumburin ciki. Da kasuwar shayin ganyaye ta buɗe, sai melisa ta bar lambun bayan gida ta koma manyan gonaki a Jamus, Foland, Faransa, Turkiyya da Iran. Ƙafarta ƙafar buhun taki.

Dalilin haka a fili yake. Ganye ake sayarwa, ba ƙwaya ko saiwa ba, naitirojin kuwa shi ne ke gina furotin da sinadarin da ke sa ganye kore. Ana yankan melisa sau biyu ko uku a shekara kafin ta yi fure, kowane yanka kuma yana tafiya da abin da ta zuƙa daga ƙasa. Gonar da aka bari da yunwa, tsofaffin ganyenta sukan yi rawaya, tohon ya fito a tsumbure. Da an watsa yuriya, wadda kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, sai tsiron ya miƙe, rassa su yawaita, ganye ya yi faɗi.

Sai dai zuma da zaƙi da harbi. Ƙarin amfanin yana da iyaka: buhun farko ya fi na biyu biya, daga wani mataki kuma kuɗi kawai ake binnewa. Tsiron da ya ƙoshi fiye da kima yakan yi laushi, ya kwanta, iska ta daina ratsa shi, cututtukan ɗigon ganye su samu wurin zama. Kara ma yakan ƙaru, alhali mai saye ganye yake nema.

Babbar asarar ba a ganinta a sikeli. Darajar melisa tana cikin abu biyu: man ƙamshi, wanda bai cika kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na busasshen ganye ba, da sinadarin rosmarinik. Ƙa'idar magunguna ta Turai ta ce kada wannan sinadari ya gaza kashi 1 cikin ɗari a busasshen ganye. Tsiron yana haɗa shi ne daga tubalan da yake gina furotin da su, don haka idan naitirojin ya yi yawa, yakan karkatar da su wajen girma. Matsakaicin taki yana ƙara yawan man da ake samu a hekta saboda ganye ya ƙaru, amma wuce gona da iri na iya cika rumbu da ganye marar ƙarfi.

Akwai kuma abin da ke faruwa a wajen gonar. Ragowar takin yana tsiyaya cikin ruwan ƙasa, shi ya sa wata dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta taƙaita naitirojin ɗin takin dabbobi ga kilo 170 a hekta a shekara, a yankunan da ruwansu ke cikin haɗari. Tashin farashin iskar gas a 2021 da 2022 ya sa takin zamani ya yi tsada, kamfanonin shayi da dama kuma sun fi son ganyen da aka noma ba da shi ba.

Waɗannan su ke tura manoma ga gwajin ƙasa, da raba taki kashi-kashi, kaɗan a farkon toho, kaɗan bayan kowane yanka, da haɗawa da takin gargajiya. Manomin masara yana iya auna nasararsa da yawan buhu. Na melisa sai ya jira sakamakon ɗakin gwaji, domin can ake yanke farashi.