Littafin Bashin Baba: Yadda Muka Koyi Gina Manhaja Daki-daki

Saura mako huɗu mu miƙa aikin rukuni muka ɗauki kwamfuta muka nufi shagon Baba. Mu biyar ne, maza uku mata biyu, duk 'yan aji biyu a sashen kimiyyar kwamfuta. Malaminmu ya ce kowane rukuni ya nemi wani mai sana'a a cikin gari, ya rubuta masa manhajar da za ta sauƙaƙa masa aiki, kuma kaso mai tsoka na makin darasin a kan wannan aikin yake. Mu muka zaɓi wani dattijo mai shagon kayan masarufi, maƙwabcin ɗaya daga cikinmu.

Sau ɗaya tak muka zauna da shi, a makon farko. Daga nan muka shiga ɗaki muka rufe ƙofa, muka kwashe mako takwas muna aiki. Mun yi shafin ƙidayar kaya, mun yi zanen riba mai launi kala-kala, har da wurin sa kalmar sirri. Ba mu so ya ga komai sai mun gama, don mu burge shi.

Baba ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sannunku da ƙoƙari, 'ya'yana. To ina wurin bashi?"

Muka kalli juna. Ya sunkuya ya jawo wani tsohon littafi da bangonsa ya yage, ya ce, "Kayana da ido na san adadinsu. Wannan shi ke hana ni barci." Ga shi kuma manhajar tamu sai da kwamfuta da intanet take aiki, shi kuwa waya kawai gare shi. Ranar babu wanda ya yi wa wani magana a cikin Keke Napep har muka iso makaranta.

Da muka kai wa malaminmu kuka, bai yi faɗa ba. Ya ce abin da ya same mu ya sami manyan da suka fi mu kuɗi da ilimi, mu je mu karanta tsarin da ake kira Agile da Turanci, kalmar da ke nufin zafin nama da saurin juyawa. Mu dai a tsakaninmu "aiki daki-daki" muke ce masa.

A nan muka gane cewa hanyar da muka bi tana da suna. Ana ce mata tsarin gangaren ruwa: a tattara buƙatu, a zana tsari, a rubuta manhaja, a gwada, sannan a miƙa wa mai ita. Kowane mataki sai ya ƙare kafin a shiga na gaba, kuma ruwa ba ya komawa sama. Tun a 1970 wani injiniya ɗan Amurka mai suna Winston Royce ya bayyana wannan jeri a wata maƙala, ya kuma yi gargaɗin cewa akwai haɗari a bin sa haka kai tsaye, domin sai a ƙarshe ake gano kuskure, lokacin da gyara ya yi tsada.

Misalin da ya fi sanyaya mana zuciya shi ne na hukumar bincike ta Amurka, FBI. Ta kashe kimanin dala miliyan 170 a kan wata manhajar adana bayanan bincike, amma a 2005 aka yi watsi da ita ba tare da an more ta ba. Aikin da ya gaje ta, mai suna Sentinel, shi ma ya soma tangal-tangal, sai a 2010 hukumar ta karɓe ragamarsa ta koma aiki daki-daki da ƙaramin rukuni, aka ƙaddamar da shi a 2012. Mu mako takwas muka yi asara, su shekaru.

Irin wannan asarar ce ta sa a watan Fabrairun 2001 mutum 17 masu sana'ar rubuta manhaja suka haɗu a Snowbird, wani wurin shaƙatawa a jihar Yuta ta Amurka. Suka fito da gajeriyar sanarwa mai ginshiƙai huɗu da ƙa'idoji 12. A taƙaice, sun ce mutane da fahimtar juna sun fi kayan aiki da dokokin ofis muhimmanci, manhajar da ke aiki ta fi tulin takardun bayani, tafiya tare da mai aikin ta fi jayayya kan yarjejeniya, sannan karɓar canji ya fi nacewa a kan tsohon shiri. Ba su ce a zubar da shiri ko takardu ba. Cewa suka yi idan biyun suka ci karo, a san wanda ya fi nauyi.

Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin sallah ya san wannan. Telan da ya kira ka ka gwada rigar tun kafin ya ɗora aiki a wuya, ya fi wanda ya ɓoye ta sai daren sallah ya miƙo maka, ka sa ka ji ta matse ka a kafaɗa.

Cikin hanyoyin wannan tsari, wadda ta fi shahara ita ce Sikiram, wadda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995. Sunan daga wasan rugbi aka aro shi, inda 'yan wasa ke haɗa kafaɗa su tura gaba tare. Rukuni yakan zama ƙarami, galibi bai wuce mutum goma ba. Ana raba aiki zuwa gajerun zanguna, kowanne bai wuce wata ɗaya ba, kuma a ƙarshen kowane zango dole a sami wani abu da ke aiki wanda za a nuna wa mai shi. Kullum akwai ganawa ta minti 15, wadda rukunoni da yawa ke yi a tsaye don kada a zarce da hira.

Tunda mako huɗu ya rage mana, muka yanke zangonmu mako ɗaya-ɗaya. Muka koma wurin Baba muka zauna a kan benci, wannan karon mu ke saurare. Muka rubuta duk abin da yake so, shi da kansa ya jera su bisa muhimmanci. Na farko: rubuta sunan mai bashi da adadin kuɗi a waya, ko babu intanet.

Sai muka samo kwali muka ja layi biyu, ya zama gida uku: "Za a yi", "Ana yi", "An gama". Kowane ƙaramin aiki muka rubuta shi a 'yar takarda muka manna. Wannan allon Kanban ake ce masa, kuma asalinsa daga masana'antar motoci ta Toyota a Japan ne, inda Taiichi Ohno ya yi amfani da katuna don kada a ƙera kayan da ba a buƙata tukuna. Doka ɗaya muka kafa: kada wani ya riƙe takarda fiye da ɗaya a gidan tsakiya.

Kowace safiya kafin darasi mukan tsaya a ƙarƙashin wata darbejiya, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, abin da zai yi yau, da abin da ya tsaya masa. A rana ta uku ɗaya daga cikinmu ya furta cewa tun shekaranjiya ya maƙale a wuri ɗaya, kunya ta hana shi faɗa. Wata daga cikinmu ta jawo kujera kusa da shi, kafin azahar sun warware. A da, irin wannan shirun sai ya ci mako biyu ba wanda ya sani.

Ranar Asabar ta farko muka kai wa Baba abin da muka yi. Shafi ɗaya ne, fari fat, babu ado. Gaskiya mun ji nauyin nuna shi. Ya gwada, ya ce, "Masu suna iri ɗaya sun fi biyar a littafin nan. Yaya zan bambance su?" Muka ƙara wurin laƙabi da unguwa. Asabar ta biyu ya ce mutane ba sa biya gaba ɗaya, wani yau ɗari biyar, jibi ɗari biyu. Muka gyara. Ta uku yaron shagonsa ya ce rubutun ya yi ƙanana. Babu ɗaya cikin waɗannan da za mu iya hangowa daga ɗakin kwananmu.

Bayan kowace ziyara kuma mukan zauna mu kaɗai mu duba kanmu: me ya tafi daidai, me za mu canza mako mai zuwa? Ai waiwaye adon tafiya ne. A nan muka daina taron dare da 'yan'uwanmu mata ba sa samun halarta, muka mayar da shi rana.

Kada mu yaudare ku, ba mu zo na ɗaya ba. Makinmu matsakaici ne, domin mako takwas da suka tafi ba su dawo ba, kuma zanen ribar da muka sha wahala a kansa ko buɗe shi ba a yi ba. Baba har yau yana ajiye da littafinsa, ya ce sai wayar ta shekara ba ta ci amanarsa ba. Amma yaron shagon yana shigar da bashi a cikinta. Haka kuma tsarin ba maganin kowace cuta ba ne. Gada ko bene dole a gama lissafinsu kafin a zuba kankare. Manhaja ce ke da sauƙin canzawa, shi ya sa ya dace da ita.

Ku ƙannenmu da ke sakandare, ba sai kun mallaki kwamfuta za ku gwada ba. Idan jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB na tafe, ku haɗu ku uku ko huɗu, ku samo kwali ku ja layi biyu. Kada ku rubuta "Lissafi" gaba ɗaya a takarda guda, ku yanka shi ƙanana, kamar babi ɗaya da tambayoyinsa na shekarun baya. Takarda ba za ta shiga gidan "An gama" don kun karanta kawai ba, sai kun amsa tambayoyi wani ya duba. Ranar Juma'a ku kai wa malami ko yayanku aikin makon, ko da kuna ganin bai yi kyau ba. Gara ku ji kuskurenku a bakinsa yanzu da ku gan shi a takardar sakamako.

Zango mai zuwa akwai wani aikin rukuni da ke jiranmu. Mun riga mun yi alkawari a tsakaninmu: kafin mako na farko ya ƙare, sai mai aikin ya riƙe wani abu a hannunsa ya gaya mana inda muka kauce.